Babin Kurakuran Yaya

Auta ne ya ɗaura wa littafin maigadi, kuma ba ƙaramin alfahari yake yi da hakan ba. Littafin na koyon rubuta manhaja ne, a buɗe yake a intanet, mai so ya karanta kyauta, mai iyawa ya ƙara babi. A da da hannu ake gwada misalan ciki, ɗaya bayan ɗaya, har wuyan mutum ya ƙage. Shi ne Auta ya rubuta 'yar manhaja: da an turo gyara sai ta harhaɗa littafin gaba ɗaya, ta gwada kowane misali. In komai ya yi aiki ta kunna kore, in ɗaya ya ƙi ta kunna ja. Masu aikin littafin suka raɗa mata suna Maigadi. Doka kuwa da bakinsa ya kafa ta a gaban kowa: babin da bai samu kore ba ba zai shiga sabon bugu ba, ko na wane ne.

Sai ga babin yayarsa ya iso, jawur daga sama har ƙasa.

Yaya malama ce a makarantar koyon kwamfuta, kuma wannan ne babinta na farko. Auta ya sha magiya kafin ta yarda ta rubuta shi, ya kuma san halinta sarai: in aka mayar mata da wannan, ta gama da littafin ke nan. Ya ja kujera a ofishinsu na haya, gaban teburin nan da aka tokare ƙafarsa da kwali, ya bi misalan a guje. Nan ta buɗe alamar baka a rubutu ba ta rufe ba, can ta kira abin da ba ta sa wa suna ba, gaba kaɗan ta raba lamba da sifili. Kai, Yaya! Bai ko kalli bayanin da ke tsakanin misalan ba, ya gyare su tas. Kore ya kama. Ya haɗa shayi yana jin kansa ƙane na gari.

Shayin bai huce ba ya ji takunta a matakala.

"Auta! Wa ya gyara mini kurakuraina?"

"Au, har kin gani? Ba sai kin gode ba, Yaya."

"Godiya? Karanta mini sunan babin."

Ya duba allo. "Yadda ake karanta saƙon kuskure." Ya sake karantawa, a hankali wannan karon. Ashe da gangan ta ɓata misalan. Yanzu babin cewa yake, gwada wannan ka ga yadda kwamfuta za ta yi maka tsawa, mai karatu ya gwada, kwamfuta ta ce lafiya lau. Mai zane da ke teburin gefe ya kifa kai a kan hannunsa, kafaɗunsa sai rawa suke.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye jaka ta ce, "Ɗalibaina da sun ga jan rubutun nan na saƙon kuskure sai su janye hannu daga kwamfuta, su ɗauka kansu ne ba ya ja. Wasu daga ranar ba na sake ganinsu. So nake su fara haɗuwa da shi a cikin littafi, ina gefe ina ce musu ba komai ba ne. In Maigadinka ba ya son kuskure, cire babin. Ba zan sa ka karya dokarka ba."

Kunya ta kama Auta sosai. Cire babin ba zai yiwu ba, ɗaga doka don 'yar'uwa kuma surutu ne. Ya ce, "Zauna, Yaya, sha shayin nan." Ya mayar da kurakuranta yadda suke, sannan ya koya wa Maigadi sabon aiki: duk misalin da aka yi wa alamar kuskuren ganganci, tilas ya ƙi aiki, kuma da ainihin saƙon da littafi ya ce za a gani. In ya yi aiki, shi ne laifi.

Suka zuba wa allo ido. Ja.

"To, yanzu kuma mene ne?" in ji Yaya.

Auta ya duba, sai ya fashe da dariya. "Yaya, kuskurenki na ƙarshe ne ya ƙi zama kuskure. An sabunta harshen kwamfutar da littafin ke koyarwa, yanzu ya yarda da shi."

"Ka ji rashin kunya! Tashi ka ba ni wuri."

Ta zauna a kujerarsa ta goge waƙafi, abu ya yi aiki. Ta juya layi biyu, ya sake yin aiki. Mai zane ya taso yana ba da shawarar ɓarna, ta ce ya koma inda ya fito. Can ta haɗa lamba da kalma, sai jan rubutu ya cika ƙasan allo. Ta tafa hannu. "Yauwa! Haka nake son gani." Ta kwafi saƙon ta sa a babin, ta tura.

Kore ya kama. Ta jima tana kallonsa, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Ya shiga ke nan?"

"Ya shiga, Yaya."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Akwai wani babin a kaina, shi ma duk ɓarna ne. Ka taɓa mini shi ka gani."