Motar Ranar Kasuwa

"Inna Rakiya, ke muke saurare," in ji Sista Rifkatu, tana leƙo kai daga ƙarshen benci.

Safara'u ta ji tsohuwar ta ƙanƙame mata hannu. Tun a mota Inna Rakiya ke bitar maganar da za ta yi, har da ɗaga yatsa. Kwamitin ƙaramin asibitin ne ya kira marasa lafiya su faɗi ra'ayinsu, don ana so a ɗauke awon hawan jini daga ranar kasuwa, wai cunkoso ya yi yawa. Su kuwa ƙauyensu, can bayan Ruwan Godiya, mota ɗaya ke shiga, ta Ɗanliti, ita ma sai za ta kasuwar Yankara, ta biyo ta gaban asibitin. Babur kuma Inna ba ta iya hawa, jiri ke kwasarta. Shi ya sa ta jawo maƙwabciyarta ta rako ta.

Ba wanda ya gaya musu cewa mai jagorantar zaman Malam Sanusi ne, mijin 'yar Inna ta fari.

Tun da ya shigo ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ba taron kafaɗa. Shi ma ya sunkuyar da kai yana ta gyara hular da ba ta karkace ba.

"Inna, ki yi magana mana," Safara'u ta raɗa mata.

"Gaban wa? Ke, rufa mani asiri."

Safara'u ta so ta faɗa da kanta, sai ta fasa. Ita ba maras lafiya ba ce, ba kuma a kira sunanta ba, ga babba ta yi shiru.

Malam Sanusi ya yi gyaran murya, idonsa a ƙasa. "To, tunda manya ba su ce komai ba, an amince ke nan."

A gida Safara'u ta ce, "Bari in je wurin Asma'u, ta gaya wa maigidanta a ɗaki. Ai ɗiyarki ce."

"Kul! Mutum ya yanke magana gaban jama'a, sannan surukarsa ta kwance? A ce mi a gari? Ki bar yaron mutane da girmansa."

Sau ɗaya suka gwada zuwa ranar kasuwa, aka ce masu awon sun fita rigakafi ƙauyuka. Da magani ya ƙare, Inna ta koma jiƙa tafarnuwa a kwanon sha. Ta kan katanga Safara'u ke hango ta tana dafa rumbu kafin ta kai madafi.

"Kan ne, Inna?"

"Wane kai? Tsufa ne. Je ki duba tuwonki, ina jin ƙauri."

Wata rana da hantsi Inna ta faɗi ƙasa, kusa da turmi, faifai a hannunta, gero ya watse kaji suka yo kansa. Safara'u ta rungumo ta, ta ga bakin ya karkace. Kafin mai babur ya je ya samo mota, rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku Malam Sanusi ya aika a kira Safara'u bakin zaure. Ya rame, carbi a hannunsa.

"Sista ta ce Inna ta daɗe ba ta zo awo ba. Mi ya hana ta?"

"Mota, Malam. Sai ranar kasuwa take shigo mana."

Ya ɗago kai. "Abin da ta je faɗi ke nan rannan?"

"Shi ne."

"Da ko tari ta yi, wallahi da na fita na ba ta wuri."

"Ko sunanka ba ta taɓa faɗi ba, Malam. Sai dai ta ce mai babban gida."

Ya juya ya fuskanci bango. Daga baya Safara'u ta ji an mai da awon ranarsa ta da.

Da kasuwa ta zagayo, tana shara a ƙofar gida sai motar Ɗanliti ta taho da buhuna a samanta. Ya rage gudu daidai ƙofar Inna, ya danna hon kamar kullum, sannan ya tuna, ya janye hannunsa. Kujerar gaba, wadda yake ajiye mata saboda jiri, ba kowa a kai.