Lamba Uku

Wayar marigayi mijinta ta sake yin ƙara a cikin jakarta daidai lokacin da motar ta faɗa rami. Mai Albasa ta ciro ta, ta kara a kunne, duk da ta san abin da za ta ji. Muryar macen nan ce da ba ta gaisuwa: "Uku. Ƙasa ta bushe. A ba da ruwa."

Sati uku ke nan muryar tana faɗin haka kullum, ita kuwa kullum sai ta tada injin ban ruwa ta bar shi awa uku cur. Yanzu gonar ta zama taɓo, ganyen albasar ya yi rawaya ya kwanta, amma muryar ba ta fasa ba. Jiya yayan mijinta ya zagaya kunyoyin, takalminsa na nutsewa, ya ce shi bai taɓa ganin inda waya ta yi noma ba. Ya ce jibi zai kawo mutanensa su karɓi gonar kafin ta ƙarasa kashe abin da ƙaninsa ya bari. Gonar nan ce cin yaranta huɗu.

Ofishin masu na'urar da ke kiran wayar ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taki, sai da ta huta sau biyu a matakala. Ta tarar da wata matashiya mai tabarau tana cin gyaɗa a gaban kwamfuta. Da ta faɗi sunan mijinta, yarinyar ta ajiye gyaɗar ta yi mata ta'aziyya. Ta ce ai ba za ta manta da shi ba, mutumin da ya taɓa tsare ta rabin yini yana tambayar ko ƙarfe yana jin ƙishirwa.

Mai Albasa ta ce ita ma abin da ya kawo ta ke nan. Ta ga ƙusoshin da ya kafa a gona, dogaye, masu kai kamar kwalin ashana. Da wane baki suke ɗanɗana ƙasa? Wa yake kai wa matar cikin waya labari? Ita matar, a wane ɗaki take zama? Yarinyar ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce babu wata mata, muryar ɗauka aka yi aka ajiye. Ƙusar kuwa ɗan lantarki take turawa cikin ƙasa: in da laima ya wuce da sauri, in babu ya yi ta jan ƙafa.

"To ai gonata har kwaɗi sun tare a ciki, 'yar nan. Amma kullum sai ta ce in ba da ruwa awa uku."

Yarinyar ta tsaya da taunar da take yi. "Mama, ba awa uku ba ne. Ƙusa ta uku ce take magana."

"Biyu ne a gonar. Da hannuna na share musu ƙura."

Sai yarinyar ta juyo mata da fuskar kwamfutar. Ga gonar daga sama, kamar tabarma, da ɗigo biyu shuɗaye a kanta. Yarinyar ta ce shuɗi na nufin ruwa ya yi yawa, shi ya sa suka yi shiru. Ta ja hoton gefe, rufin gidaje suka bayyana, sai ga ɗigo ɗaya ja. Mai Albasa ta matso har numfashinta ya taɓa gilashin. Ta gane bishiyar maƙwabcinta, ta gane kwanon da iska ta ɗage wa baki. Jan ɗigon a bayan ɗakin ajiyarsu yake, inda fartanyar mijinta da takalman robarsa suke. Tun ranar da aka fita da shi ba ta taka wurin ba, ta kuma hana yaran zuwa.

Yarinyar ta duba wani littafi, ta ce kafin ya kwanta ciwo ya karɓi karan wani sabon irin rogo mai jure fari, wai yana son ya gani da idonsa kwana nawa zai yi ba ruwa. Da damina ƙusar ba ta da abin faɗa, sai yanzu da ruwa ya ɗauke. Ta koya mata inda za ta danna a wayar ta ga ɗigon nan uku, ta ce a rufe injin kwana biyar, wataƙila rabin albasar ta tashi.

Da la'asar ta isa gida. Ta daɗe tsaye a kwanar ɗakin ajiyar kafin ta leƙa. Takalman suna nan, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsu. Kusa da su rabin duro ne cike da ƙasa da ta tsattsage, rogon ya kai mata ƙirji, ganyensa kore shar. Ƙusar tana gindinsa, ya ɗaure mata ƙyallen tsohuwar rigarsa don kada rana ta dake ta. Ta zauna a kan bulo ta yi kukan da ya zo mata, sannan ta je ta ɗebo ruwa a bokiti.

A nan yayan mijin ya same ta, ya zo jaddada maganar gobe. Ta gaishe shi, ta miƙa masa wayar, ta faɗa masa kuskurenta ba tare da ta rage komai ba. Ya ce shi duk wannan tatsuniya ce. Ta zare ƙusar daga duron, ita ma tana son ta gani, ta tsoma ta cikin bokitin. Jan ɗigon da ke hannunsa ya koma shuɗi.

Ya dubi wayar, ya dubi bokitin. Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna.

"Ciro ta mu gani."

Ta ciro, ta goge da gefen zane. Suka jira, ɗigon ya koma ja.

"Yaya, kwana biyar nake roƙo. In albasar ba ta tashi ba, ka kawo mutanenka."

Bai ɗago kai ba. Ya ce ya ba ta sati guda. Sannan ya karɓi ƙusar daga hannunta, ya jujjuya ta, ya tsoma da kansa.