Faya-fayan da Aka Yi wa Jan Biro

Yusha'u ya dafe kwalin faifan da tafin hannunsa kafin jan biron Malam Datti ya sauka a kai.

"Ban da wannan, Yallaɓai."

Malam Datti, sabon shugaban sashen shirye-shirye, ya dube shi ta saman tabarau. Watansa biyu kacal a gidan rediyon, amma har ya gano ɗakin ajiyar faya-fayai ya cika, kuma shi Allah ya aiko ya rage shi. Duk faifai biyu masu suna ɗaya, a bar ɗaya, a ja wa ɗaya jan layi, a kai sito, ranar Juma'a a farfasa. Tun safe suke abu ɗaya, yanzu sun iso kantar kiɗan barok, tsohon kiɗan Turawa na shekara ɗari biyu da hamsin, wanda Yusha'u ke sakawa rabin awa kowace Lahadi da la'asar.

"Karanta sunan nan," in ji Malam Datti. "To, karanta wannan. Wanda ya tsara ɗaya, waƙa ɗaya."

"Amma hannu ba ɗaya ba ne."

Yusha'u ɗan makaɗin kalangu ne. Ya tashi a Abakpa yana bin mahaifinsa mahauta, kuma ya ga yadda take ɗaya yake zama biyu: in tsohon ya kaɗa, mahauta kan ajiye wuƙa su juyo, in wani ya kaɗa, yankansu kawai suke ci gaba da yi. Shekararsa goma sha ɗaya yana kula da ɗakin faya-fayan nan. Ko kalma ɗaya ba ya ji cikin abin da mawaƙan ke rerawa, amma kunnen gidansu bai bar shi ba.

Bai jira izini ba, ya ɗora faifan farko a garmaho ya sauke allura. Muryoyi wajen ɗari biyu suka taso a hankali, da nauyi, kamar shanu sun dawo daga kiwo. Ya cire ya sa na biyun. Waɗannan ba su fi ashirin ba, da tsofaffin goge masu tsirkiyar hanji da wata begila mai siririyar murya, suna tafe da sauri har ƙafar mutum ta motsa.

"Ka ji, Yallaɓai?"

"Na ji hayaniyar coci sau biyu. Kai Musulmi ɗan Musulmi, me ma ya haɗa ka da wannan?"

"Amana ce ta haɗa ni. Ni aka ba makullin ɗakin nan."

Ana haka sai Gwaggo Yalwa mai shara ta leƙo da bokitinta.

"Malam Yusha'u, yau 'yan gaggawar nan ka sako? Ni masu nauyin na fi so. Su ne ke tuna mini da marigayi maigidana."

Da ma ba ta leƙo ba. Malam Datti zai iya haƙura da gardamar ma'aikaci, amma mai shara ta ji abin da shi bai ji ba, wannan kam ya yi masa yawa. Ya tura takarda gaban Yusha'u, fuskar nan a murtuke.

"Sa hannu cewa maimaici ne. Ko kuwa ka bar mini ɗakin."

Yusha'u ya bi kantocin faya-fayan da kallo. Yana son ɗakin nan fiye da ɗakinsa na Unguwar Kanawa, ya san kowane faifai da inda allura ke tsalle a jikinsa. Ya dubi takardar, ya dubi biron.

"Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, ranka ya daɗe."

Ya zaro makulli ya ajiye a kan takardar, ya fita alwalar azahar.

Kafin ƙarfe uku wasiƙa ta fito. An mayar da shi ma'ajin sito, can baya kusa da injin wuta, ɗakin da ko taga babu. Abokan aiki suka riƙa zuwa suna yi masa jaje ƙasa-ƙasa. Wani ya ce taurin kai ne, wani ya ce a kan kiɗan mutanen da suka daɗe da zama ƙasa.

Da la'asar Bawa masinja ya turo baro cike da faya-fayai arba'in da uku, kowanne da jan layinsa, da takarda a sama. Yusha'u ya karanta ta a tsanake har ƙasa, inda aka rubuta cewa ba a lalata kayan gwamnati sai da sa hannun ma'ajin sito. Ya ninke ta ya jefa a aljihun tebur.

"Yallaɓai ya ce in zo da guduma ranar Juma'a," in ji Bawa.

"Ka zo, sai mu gaisa."

Ya shiga jera faya-fayan a tsaye, yana goge kowanne da hannun rigarsa. A lungu, ƙarƙashin karyayyun kujeru, ya hango wani tsohon garmaho da shi ma aka jefar nan tun bara. Ya jawo shi, ya hure ƙurar, ya taɓa allurar da ɗan yatsa.

"Bawa, duba mini bayan kabad ɗin nan. Akwai wurin jona wuta?"