Jini a Kular Abinci

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don haka bari in faɗa yadda aka yi.

Mu ɗaliban likita ne daga Samaru. Ranakun Asabar muke shiga lungunan Sabon Gari mu ɗebi jinin yara kyauta, mu kai asibitin Shika a duba ko suna da sikila, don iyayen ba su da halin zuwa can. Akwatin sanyinmu ya fashe, sai Sebastian, ɗan ajinmu mai shegen dabara, ya aro kular abincin gwaggonsa ya zuba ƙanƙara. Na ce masa abin bai yi tsari ba, ya ce in daina iyayi.

Ranar ne wata mai kunu da ake kira Doguwa ta kawo 'yarta Rejoice, yarinya ta rame, ido ya yi ɗorawa. A ɓoye ta kawo ta, don mijinta ya hana allura. Jijiyar yarinyar ta ɓace, mu duka muka gwada muka kasa, Sebastian kaɗai ya samo ta. Sai da sakamakon nan za a sa ta layin magani kyauta.

A tasha wani mai Keke ya ciccibi kular zai loda mana, murfi ya buɗe. Ya ga kwalabe cike da jini, kowacce da sunan yaro. Ya kurma ihu wai ga masu tsafi.

Kafin in zaro katin shaidata an kwaɗa mini mari, kunnena ya toshe. Sebastian ya kife kan kular ya rungume ta. Jama'a suka rufe shi da gora da bel da ƙafa. Ina cewa likitoci ne mu, wa zai ji? Wani ƙaton kwandasta ya take masa hannu da takalmi, na ji ƙarar ƙashi da kunnena ɗaya. Ya fizge kular ya maka da ƙasa, ya bi kwalaben yana murƙushewa. Wani har ya fara neman taya a ƙona mu.

Doguwa ce ta keto taron, goye da Rejoice, tana zagi ta uwa ta uba. Ta cafki rigar kwandastan ta kira shi da sunansa, Friday. Ashe mijinta ne.

Ta ɗaga hannun yarinyar, audugar tana manne har lokacin.

"Baban Rejoice, jinin 'yarka ne ka take."

Masu gora suka fara sulalewa, matsorata, ba wanda ya ce sannu. Friday ya tsaya yana kallon takalminsa. Can ya dube ni, ya tambaya ko za a iya sake ɗiba.

Wallahi na so in tofa masa yawu. Na nuna masa Sebastian a kwance, yatsunsa sun karkace.

Na ce, "Shi kaɗai ke samun jijiyarta."