Kwali Goma Sha Bakwai

"Kama ni ta hagu, direba, ƙafar dama ta daina jin magana," in ji Baba Likita, ina kici-kicin saka shi a motata. Matarsa na bakin ƙofa riƙe da sandarsa tana faɗa.

"Asibiti sun ce ka kwanta, kai kuma sai jami'a!"

"Ɗakin kawai zan gani in dawo."

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu shekara ashirin. Likitan dabbobi ne da ya yi ritaya. Shekara biyu da suka wuce, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'arsu ta zo har falonsa, shugabansu yana ta zuba ƙamshi da daɗin baki. Wai za su buɗe ɗakin karatu na manya, mai gadi da mai shara da duk wanda boko ya wuce shi ya shiga ya zauna. Baba ya kwashe littattafansa kaf, tarin shekara arba'in, kwali goma sha bakwai. Ni na yi jigilarsu, sawu uku. Na ce ya karɓi ko 'yar takardar shaida. Ya harare ni. "In ka kai wa uwarka kaya, takarda kake karɓa?"

Tun daga nan, duk kiran da ya yi amsa ɗaya ce: "An kusa, ranka ya daɗe, fenti ya rage."

Fenti kam an yi. Mun tarar da ɗakin ya zama ofishin ƙungiya, ga darduma, ga sanyi, ga hoton shugaba ya cika bango. Sakatariya ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Shugaba ya yi tafiya. Littattafai? Ku tambayi mai gadi."

Mai gadin ya kai mu ƙarƙashin bene. Kwalayen suna nan jibge, igiyar da Baba ya ɗaure su da ita ko kwancewa ba a yi ba. Bututun banɗaki na ɗiga a kansu. Na buɗe na ƙasa, Baba ya sa hannu ya zaro littafi ɗaya, bangon ya biyo shi, cikin kuwa gara ta mayar da shi ƙasa.

Wallahi idona ya rufe. Na juya zan koma ofishin nan in yi musu tas.

"Bari, direba."

Mai gadin ya ce a hankali, "Ni ma tun lokacin nake jira a buɗe, Baba."

"Kana karatu?"

"Kaɗan-kaɗan."

Baba ya daɗe yana lalube a kwalin sama har ya samu wani busasshe, ya goge shi da hannun rigarsa ya miƙa masa. Muka kama hanyar gida.

Kwana biyar Baba ya ƙara a duniya. Ya cika da hantsi.

Ranar uku shugaba ya zo ta'aziyya har da mai ɗaukar hoto, yana cewa za a sa wa ɗakin sunan marigayi. Marasa kunya! Na tashi kafin in ɗauki zunubi, na shige cikin gida in yi wa Mama, matar marigayin, sallama.

Na same ta a ɗakinsa da tsumma a hannu, tana goge kantocin da babu komai a kansu, ɗaya bayan ɗaya.