Waya a Hanyar Rafi

Ana saura 'yan kwanaki a ba da hutun makarantu, Malama ta fita duba hanyar rafi, kamar yadda ta saba yi kowace shekara kafin yara su iso sansani. Ta ɗauki adda saboda ciyawar da kan cinye hanya idan ruwa ya sauka, ta bi ta bayan ɗakin girki, ta ratsa filin da ake kafa tantuna. Tana kaiwa iyakar gonarsu ta ja ta tsaya. An kafa sababbin turaku daga wannan gefe zuwa wancan, an ja waya mai ƙaya a jikinsu. Ƙasar da aka tono ko bushewa ba ta gama yi ba.

Ta taɓa wayar da bakin adda, ta ji ta a ɗaure tamau. Daga inda take tsaye tana jin motsin ruwa a ƙasa, amma babu halin isa.

Mahaifinta ne ya kafa sansanin. Malamin kimiyya ne a wata firamare ta cikin birni, kuma har gobe idan aka tambaye shi mafarin abin, labari ɗaya yake bayarwa. Wata rana yana koyar da rayuwar kwaɗo, ya tambayi ajin wa ya taɓa ganin ƙwan kwaɗo da idonsa. Ba wanda ya ɗaga hannu. Can wani yaro ya tambaye shi ko a kanti ake sayarwa. Baba ya ce ajin ya yi dariya, amma shi abin bai ba shi dariya ba. Da ya yi ritaya sai ya koma gonar da ya gada, ya ari tanti biyu da motar ɗaukar kaya ta wani abokinsa, ya kwaso yaran da iyayensu suka yarda. Dangi suka ce kansa ya taɓu, mutane na gudun ƙauye shi yana jido 'ya'yan mutane yana kawowa. Lokacin Malama tana yarinya, aikinta wanke kwanuka da korar tururuwa daga buhun sukari.

Yanzu wurin yana da ɗakunan kwana, da rumfar karatu, da sito cike da igiyoyi da fitilu da ragar kamun ƙwari. Abin da Baba ya sa a gaba kuwa bai canza ba: yaro ya taɓa abu da hannunsa kafin a rubuta masa a allo, ya iya hura wuta ya iya kashe ta, ya gane gabas ba sai ya tambaya ba, ya kwana nesa da uwarsa ya wayi gari ya ga bai mutu ba. Da ƙafa ta fara gaza Baba, Malama ta ajiye nata aikin koyarwar ta karɓi wurin.

Abu ɗaya ne gonar ba ta da shi, wato rafi. Rafin yana bayan lambun maƙwabcinsu, wanda kowa ke kira Mai Lemo. Shi ya ba su hanya ta gefen lambunsa tun shekarar farko, da baki kawai, suna tsaye shi da Baba a gindin bishiya. Ba wanda ya taɓa tunanin rubutu. To, Mai Lemo ya rasu farkon damina, autarsa kuma, wadda take aikin nas a birni, ta dawo ta zauna a lambun.

Malama ta koma ofishinta ta zauna ba ta ko cire takalmin roba ba. Rabin abin da suke koya wa yara a bakin rafin nan ake yin sa. A can ake koyon iyo a wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba, a can ake ɗaga duwatsu a ga abin da ke rayuwa a ƙarƙashinsu. Ta tuna ranar da ta je yi wa Auta gaisuwar rasuwa, yadda ta amsa mata a taƙaice, ko ido ba su haɗa sosai ba. Ta tuna kuma raɗe-raɗin da mai gadi ya kawo, wai wani zai sayi lambun ya yi gidan kaji.

Ta kira ƙanenta a birni ta gaya masa.

"Yaya, wannan ai magana ce ta lauya," in ji shi. "Hanyar da aka daɗe ana bi ba a tashi rana ɗaya a toshe ta. Ki bar ni da ita."

"Maƙwabta ne fa."

"Maƙwabcin ya rasu. Wannan ba ki san ta ba, ba ta san ki ba."

Ta ce ya dakata tukuna, amma ba ta ce a'a ba. Baba kuwa ta ɓoye masa, saboda hawan jininsa, kuma saboda ta san yadda yake ji da hanyar nan. Ta sa ma'aikata suka share ko'ina, suka wanke tankin ruwa, suka shanya katifu, ita kuma tana yawo a tsakaninsu da murmushin da bai kai ciki ba.

Ba a yi nisa ba Baba ya gano ta. Yana zaune a kujerarsa ta ƙofar rumfa, sandarsa a kan cinya, ya yafito ta da hannu.

"An share ko'ina ban da hanyar rafi," ya ce. "Ko bana kan tudu za a koya musu iyo?"

Ta juya za ta koma wajen aiki.

"Kunne ne ya tafi, ido yana nan. Faɗa mini."

Ta durƙusa kusa da kunnensa na dama, wanda ya fi ji, ta gaya masa komai, har da maganar lauya. Da ta gama, ya dafa sanda ya miƙe.

"Ɗauko mini hulata. 'Yar Mai Lemo ba a aika mata lauya ba a je an gaishe ta ba."

Tun da hanyar kusa ta toshe, sai suka zagaya ta titi. Tafiyar da ba ta da wani nisa ta zame musu doguwa, Baba yana tsayawa yana maida numfashi yana cewa bishiyoyi yake dubawa. Malama tana tafe tana shirya abin da za ta faɗa, tana rushewa, tana sake shiryawa. Har ta yanke a ranta cewa idan roƙo ne za ta roƙa, bana kaɗai a bar su, baɗi su san inda za su nufa.

Suka tarar da Auta tsugune gaban injin ban ruwa, hannunta duk baƙin mai. Tana ganinsu ta miƙe da sauri, ta goge hannu a tsumma, ta shiga ta fito da kujera.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko na zo. Yaya, sannu da zuwa."

Aka gaisa, aka sake yi wa mamacin addu'a. Malama ta gyara murya.

"Auta, maganar waya ce ta kawo mu. Na je hanyar rafi na ga an rufe. Na san lambun naku ne, ba mu da ta cewa. Amma yara suna tafe, kuma..."

Auta ta dube ta, ta dubi Baba.

"Ba ku ga sabuwar hanyar ba?"

"Wace sabuwar hanya?"

"Ikon Allah. To, ai na gaya wa Baba. Ku zo ku gani."

Ta shige gaba, suka bi ta cikin layin bishiyoyin lemo har inda tsohuwar hanya take gangarawa. Ta hana su matsawa, ta ɗauki wani dutse ta jefa a kan hanyar, daidai inda yara suka saba bi a jere. Ƙasar ta buɗe, wani ɓangare ya zube cikin ruwa da ƙara. Malama ta leƙa daga gefe ta ga ruwan damina ya ci gaɓar ta ƙasa, ya bar ɓawo kawai a sama, ciyawa ta rufe shi kamar lafiya lau.

"Akuyarmu ce ta fara faɗawa," in ji Auta. "Da ƙyar muka ciro ta, ƙafa a karye. Na ce yau akuya ce, gobe ɗan wani. Shi ne na sa kafinta ya ja waya, ya buɗe muku ƙofa can ƙasa wajen bishiyar mangwaro. Ta fi nisa kaɗan, amma dutse ne a wurin. Har matakala na sa ya yi."

Malama ta nemi kututturen wata bishiya ta zauna. Ita da kanta da adda a hannu ta nufi wurin nan rannan, kuma ita ce kullum a gaban layi idan za a sauka da yara.

"Kin ce kin gaya wa Baba?"

"Lambarsa ce kaɗai na samu a wayar mahaifina. Na kira na ce, Baba, na sa waya a hanya. Ya ce eh, yana jin waya sarai. Na ce akwai ƙofa wajen mangwaro. Ya ce ya gode, amma likita ya hana shi zaƙi."

Malama ta juya ta kalli mahaifinta. Ya karkato da kunnen dama, aka maimaita masa.

"Au, ke ce? Na ɗauka masu tallan nan ne. Shi ya sa na ce yarinyar nan akwai ladabi."

Dariya ta ƙwace wa Malama, irin wadda take zuwa da hawaye. Ta yi ta yi har sai da ta riƙe ciki, Auta ma ta kasa daurewa. Baba ya bar su suka gama, yana cewa ba laifinsa ba ne, wayoyin yanzu ne ba su da murya.

Da suka natsu Malama ta tambayi maganar gidan kaji. Auta ta ce wani ya zo ya taya, ta ba shi lemo ya sha ya kama gabansa. Ranar gaisuwa kuwa, ta ce, ba ta san ma wa ya zo wa bai zo ba.

"Amma tun da kun zo, Baba, ina da ƙorafi," ta ce. "Tsoho ne, ya kusa kai shekaruna."

"Ina ji."

"Ina ƙarama, a kan bishiyar can nake hawa in kalli yaranku suna wucewa. Ina ganin ka ɗiga ruwan rafi a kan gilashi, suna layi suna leƙawa a madubin nan mai ƙara girman abu, suna ihu. Ni rafin a bayan gidanmu yake, amma ban san abin da suke gani ba sai da na shiga makarantar nas."

Baba ya juya ya dubi bishiyar.

"Ni a ganina ku 'yan nan kun riga kun san daji. Waɗanda ba su sani ba na nufa."

"Mun san kiwo, mun san inda maciji ke kwana. Amma a asibiti na ga yaran ƙauye da aka tsamo daga ruwa, a bakin rafi aka haife su, ba wanda ya taɓa koya musu iyo. Na ga waɗanda aka ɗaure wa saran maciji ba daidai ba har ƙafa ta lalace. Ba sharaɗi nake kafa muku ba, ƙofa tana nan ko kun yarda ko ba ku yarda ba. Roƙo ne. Ku riƙa ɗaukar na nan ma. Ni zan zo in koya musu taimakon gaggawa, da naku da namu."

Malama ta fara lissafin wurin kwana a ranta, sai ta ga ai yaran nan gida za su riƙa komawa da yamma. Ta dubi Baba.

"Wurin a hannunki yake," ya ce. "Ni dai da na ɗaga kai na kalli bishiyar nan lokacin, da ba a kai yau ba."

"Ki gaya wa iyayensu," Malama ta ce wa Auta. "Ranar da motoci za su iso, su ma su zo."

Ta sabuwar ƙofar suka koma. Baba ya gwada matakalar da sandarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce kafintan ya iya aiki. A hanya Malama ta kira ƙanenta ta ce ya bar maganar lauya. Ya tambayi me aka yi, ta ce sai ya zo, labarin ba ya daɗi a waya.

Ranar buɗe sansani, tun kafin motocin birni su iso, mai gadi ya leƙo ofis ya ce tana da baƙi. Ta fito ta tarar da yaran ƙauyen a bakin ƙofa, sun fi yadda ta zata yawa, sun yi wanka sun shafa mai, wasu sun riƙo ƙannensu da ba a gayyata ba. Sun yi cirko-cirko, ba wanda ya yarda ya fara shigowa. Auta tana bayansu da jakar magani a kafaɗa.

Mai girki ta fito ta dube su, ta dubi Malama.

"Malama, kwanukanmu ba za su isa ba fa."

"A ci bibbiyu a kwano ɗaya, na birni ɗaya na nan ɗaya," in ji Malama. Ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, ta miƙa wa wata ƙaramar yarinya da ke gaba hannu. Yarinyar ta waiwaya ta kalli Auta, sannan ta kama.