Wata Ukun Banjugu

Ina layin abinci da faranti a hannu wayata ta yi ƙara, na duba na ga sunan Kumba, matata. Kumba ba ta kira da hantsi. Saƙon murya take aikowa da yamma, ta jero mini abin da ya ƙare a gida, ta rufe da gaisuwa idan ta tuna.

"Makan, Banjugu na kusa da kai?"

"Ga shi can gaba, yana rigima da masu abinci a kan nama."

"Fita daga wurin."

Na ajiye farantin na fita tsakar gida, inda masu gasa masara ke fifita gawayi cikin sanyi. Ta ce, "Sokona ta cika, ɗazun nan. Bayan azahar za a kai ta. An kira Baba Siliman, ya ce kai za ka faɗa wa mijinta." Sai ta fashe da kuka, ta ci gaba da magana cikin kukan, ni kuwa na jingina da bango ina leƙen ɗakin cin abinci ta gilashi. Ga mijin nata can, Banjugu Tarawure, sanda a hammata, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an soke da fil, yana nuna wa mai zuba miya wata tsoka da yatsa. Matar na dariya tana kaɗa masa ludayi. Da ya nace ta ƙara masa.

A wannan gida namu na 'yan ci-rani a bayan Paris, wanda muke kira fuwaye, ba a sanar da mutum mutuwa ta waya. Daga gari a kira dattijo, wato Baba Siliman, shi ya zaɓi mai faɗa, sannan a bari mutumin ya cika cikinsa, don ba a san ranar da zai sake iya haɗiyar wani abu ba. Mai faɗa kuma abokin wasa ne, tunda shi kaɗai ne ba a fushi da shi ko me ya fito daga bakinsa. Ni Jara ne, shi Tarawure, tun kakanni muke zagin juna. Shekara talatin da wani abu muna kwana ɗaki ɗaya ban taɓa yi masa magana mai daɗi ba, shi ma bai taɓa yi mini ba, kuma duk faɗin Faransa ba ni da wanda ya kai shi.

Na koma na zauna gabansa hannu rabbana.

"Bawana, ina abincinka?" ya ce da loma a baki. "Au, na manta, yau miyar gyaɗa ce. Jara in ba wake ba sai azumi. Gara haka, ko ma yi barci lafiya."

Idan na yi shiru zai gane. Na tattaro abin da ya rage mini na ce, "Ci ka rufe mana baki, gurgu. Ƙafa ɗaya, amma rabon mai ƙafa huɗu kake ci."

Ya yi dariya har ya ƙware, ya sha ruwa, ya ci gaba da cin shinkafarsa a tsanake. Ban taɓa ganin farantin da ya daɗe bai ƙare ba irin wannan.

* * *

A wurin gini ya bar ƙafar. Wani dogon ƙarfe ne ya kuɓuce daga injin ɗaga kaya ya same shi. Lokacin ba shi da takardun zama, da na wani ɗan'uwansa yake aiki, kamar yadda rabinmu muka fara. Saboda haka a wurin kamfanin, wanda ƙarfe ya faɗa wa wani mutum ne daban, mai ƙafa biyu, yana can yana sharar titi a wani gari. Diyyar da ke bin ma'aikaci duk inda ya koma a duniya, Banjugu bai same ta ba. Sai bayan shekaru, da ya sami takardu da sunansa, aka sa masa kuɗin nakasa na wata-wata, irin mai igiya a wuya. Sharaɗin shi ne ya zauna a ƙasar. Yana iya leƙa gida, amma in ya haura wata uku a shekara a tsayar da kuɗin, a ce ma ya dawo da abin da ya ci. Mun ga an yi wa wasu. Kiranka za a yi ofis, yarinya sa'ar 'yarka ta buɗe fasfo tana bin hatimin filin jirgi da bakin biro.

Ni har yau ban gane abin da Faransa ke yi da Banjugu ba. Ba ya iya aiki, yarensu na sayen burodi kawai ya iya, sanyi na sa guntuwar ƙafar ciwo har ya ciji bargo. Kuɗin nan ɗaya ne, ko a Paris ya ci shi ko a garinmu, can bayan birnin Kayes. Amma sun fi so ya zauna a bakin gado yana kallon bango, su dai su san yana nan. Kuɗin ma ba ya kwana hannunsa. Ya cire na hayar gado da na abinci, sauran ya tafi gida: gero, maganin Sokona, da 'yarsu Hatuma da ta dawo da yara huɗu tun da mijinta ya bi hanyar hamada ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Yakan ce, "Ƙungiyar garinmu ta fi Turawa mutunci. Ita in ta mai da kai gida a akwati, ba ta cewa ka dawo bayan wata uku."

Bana da ciwon hantar Sokona ya tashi, tun farkon damina ya tafi. Ya kai ta asibiti a Kayes, suka ba da magani suka ce a koma gida. Da wa'adinsa ya ƙarato ya kira ni, muryarsa a daƙushe.

"Ɗan wake, ka nemi mai son gadona. Ba na dawowa. Su riƙe kuɗinsu."

"To yaran fa? Ƙafarka guda da ta rage za su dafa?"

Ya kashe wayar.

Sai ga shi ya dawo a kan lokaci, fuska a sake, da ƙullin gyaɗa da busasshiyar kuɓewa yana rabo. "Uwargidata ta miƙe!" Ya ba da labarin har muka haddace. Wai wata safiya ya ji ƙarar turmi, ya leƙa ya ga Sokona ce da taɓarya. Ta sa lalle, ta zizara kwalli, ta ɗaura zanenta mai shuni, ta yi masa dambu da miyar ganye da hannunta. Ranar tafiya da ƙafarta ta raka shi tasha tana yi masa faɗa: "Baban Hatuma, tafi ka tsare mana tukunyarmu. Ka gan ni garau. Zaman me za ka yi, ka bi ka hana ni sakewa da sandar nan taka?"

Sauran labarin shi ne wanda Kumba ta ba ni cikin kuka ina jingine da bango. Geron dakakke ne, matan unguwa suka daka. Sokona takan zauna kusa da turmi, in ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa sai ta miƙe ta kama taɓarya. Lallen don kada ya ga yadda tafinta ya ɗashe ne, kwallin don idon da ya yi rawaya. Ranar rakiya sai da ta sa aka yi mata allurar kashe zafi. Motar na shan kwana ta zauna a ƙasa nan tasha, a amalanke aka mai da ita gida, kuma ba ta sake takawa ba. In ya kira sai a tallafo ta, ta ce masa tana girki, ya bar damunta. Ta rantsar da matan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in ya zauna, shi zai binne ta, yunwa kuma ta binne mata jikoki.

* * *

Ya suɗe farantin, ya ɓare goro ya miƙo mini ƙaramin ɓarin. "Na bawa." Na karɓa. Muka hau bene, yana tsayawa hutawa a kowane hawa, ina bayansa kamar kullum.

A ƙofar ɗakinmu muka tarar da takalma. Baba Siliman na zaune a bakin gadona da carbi, dattawa uku na gefe, babu mai magana. Duk wanda ya zauna fuwaye ya san ma'anar irin wannan zama. Banjugu ya dubi takalman, ya juyo ya dube ni, sai na ga tausayi ya cika masa ido. A zatonsa mutuwar tawa ce. Ya dafa kafaɗata, ya rage murya.

"Bawana, ka daure. Shiga ka zauna, ina nan tare da kai."

Wannan ce ta karya ni. Na zaunar da shi a gadonsa, na karɓi sandar na jingine, na durƙusa gabansa. Na kira shi da sunan gidansu, yadda ake kiran mutumin da ake girmamawa.

"Tarawure."

Ya ƙura mini ido.

"Tarawure, ɗan manya."

"Zage ni, Makan," ya ce. "Ka zage ni mana. Me na yi maka?"

"Allah Ya karɓi abinsa. Sokona ta riga mu gidan gaskiya, yau da safe."

Dattawan suka ɗauki salati. Banjugu ya sunkuya. Ya kai hannu inda ƙafar ta ƙare yana murzawa, kamar yadda yake yi in sanyi ya shige ta.

"Da ƙafarta ta raka ni tasha," ya ce can. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun sani?"

"Wallahi yau na ji."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ƙarar turmin ba daidai take ba. Shekara nawa ina jin dakan matar nan? Na ji ba daidai take ba, Makan. Na ji. Amma na so in yarda." Sai hawayen suka zo, ba sauti, suna bin gemunsa suna ɗiga a riga.

Baba Siliman ya bari aka ɗan jima, sannan ya yi gyaran murya. "Banjugu, akwai abin da ke asusun ƙungiya. Mu yankar maka tikitin gobe. Jana'iza ta wuce ka, amma ka riski sadakar bakwai, ka tsaya a kan kabarinta, Hatuma ta ga ubanta."

"Wata ukun bana sun ƙare, Baba."

"Mutuwa ce fa. Za mu je mu yi musu bayani."

"Kafin su gama jin bayanin, yaran sun yi wata nawa ba gero?" Ya share fuska da hannun riga. "Mace ta tashi daga shimfiɗar mutuwa ta riƙe taɓarya don kada a yanke kuɗin nan. Ni kuma in je in ɓata mata aiki? A'a. Ku bar ni a nan inda ta ajiye ni."

Na so wani ya yi masa gardama, ba wanda ya yi, don gaskiya ya faɗa. A lokacin na tsani ƙasar nan, na tsani ofishin da hatimansa, na tsani bakina da ya ce masa yara za su dafa ƙafa. Na zauna a ƙasa kusa da gadon ina riƙe da ɓarin goron, na rasa inda zan ajiye shi.

* * *

Da lokaci ya yi muka sauka ɗakin ƙasa da muke salla. Labari ya riga ya zaga gidan, waɗanda ba su fita aiki ba duk sun zo, har da mutanen garuruwan da ba namu ba. Aka kira Masire, ƙanen Banjugu da ke gida. Ya ce an fito da ita, tana gaban masallaci, zai sa wayar a aljihun gaba ya tsaya sahun farko. Muka buɗe muryar wayar muka ajiye ta a kan darduma, muka yi sahu a bayanta.

Aka kawo wa Banjugu kujera ya ture. Sandar ma ya ce a ɗauke. Ya tsaya da ƙafarsa guda, ya rataya hannu a wuyana, na tallafe shi ta hagu.

Daga wayar muna jin garinmu: gogar riga a aljihu, tarin wani tsoho, jaki can nesa, iska. Liman ya yi kabbara ta farko, muka bi shi. Ya yi ta biyu. Ina jin zuciyar Banjugu na bugawa a haƙarƙarina, bakinsa na motsi. Aka yi ta uku, wadda ake yi wa mamaci addu'a a cikinta, na ji yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa, da na uwarta.

Sai ƙarar iskar ta ɗauke. Na saci kallon dardumar, na ga hasken wayar ya mutu. Layin garinmu haka yake, yana zuwa yana tafiya.

Ba wanda ya motsa. Baba Siliman na iya ɗaga murya ya cika mana ta huɗun, amma ya sunkuyar da kai ya yi shiru, mu ma muka yi. Can gida sun riga sun sallame, wataƙila ma sun ɗauke ta sun kama hanya. Banjugu na tsaye, nauyinsa duka a wuyana, ƙafar na karkarwa, ya karkatar da kunne wajen dardumar yana jira.